Ƙayar da Inna ta aika bakin teku

Shekarun baya, lokacin ko gemun kirki ban tara ba, a garinmu sarkin ruwa ake ce min. Kada ku ɗauka sarauta ce, tsiya ce. Garin namu yana ƙasar Gangara ne, cikin Damargu, inda sai ka zura igiya har hannunka ya gaji kafin guga ta taɓa ruwa. Ruwa mafi girma da na taɓa gani da idona a lokacin shi ne tabkin bayan gari, wanda in shanu suka shiga iyakarsa gwiwa. Amma in ka yi kuskuren zama kusa da ni, sai ka sha labarin teku har kunnenka ya yi zafi.

Da yawa cikinku masu bibiyata a nan kun sha tambayata me ya haɗa ɗan Damargu da teku. Kullum cewa nake sai wata rana. To yau dai ga ta.

Mahaifina ɗan cirani ne. Da an gama girbi, an zuba hatsi a rumbu, sai ya saɓa jaka ya yi kudu, wani ƙauyen masunta da ke yamma da Kwatano. Shayi da burodi yake sayar musu in sun fito daga ruwa. In bazara ta ƙarato ya dawo a yi shuka. Ina ƙarami na taɓa tambayarsa, na ce, “Baba, wannan tekun, me ke can ɗaya gefen nasa?” Ya yi dariya ya ce, “Ba shi da ɗaya gefen.” Maganar nan ta zauna min a kai. Ruwa, a ce ba shi da tsallake.

Shekarar da na bar kwaleji, ciwo ya kama shi a can. Kafin mu ji labarin ciwon da kyau, sai na rasuwar ya riske mu. Amininsa, wanda suke tafiya tare tun suna samari, mu muna ce masa Baffa, shi da Hausawan zango suka yi masa sutura. Suka sa shi a maƙabartar Musulmi ta ƙauyen, can kusa da ruwa. Mahaifiyata, Inna, ta yi takabarta a nan gida. Babu ɗayanmu da ya ga kabarin.

Daga nan ne ciwon teku ya kama ni. Ban sani ba ko so nake in san wurin da ya kwanta. Ina da wata tsohuwar salula mai fasasshen gilashi, da guntun Faransancin da na fito da shi daga lakwal, wato makarantar boko. Duk abin da na samu a kan teku sai na karanta. In ban gane kalma ba in nema, in na nema in tarar da wasu kalmomin uku da ban sani ba a cikin bayanin. Haka na riƙa rarrafe. Abokina yana da rumfar cajin salula da fanon rana mai ba da wuta, shi ya fi kowa shan wahalata. Yakan ce, “Sarkin ruwa, yau kuma wane kifi ne ya haihu?” Amma bai taɓa hana ni caji ba, ko da kuɗi ko babu.

Wata damina, muna tsakiyar noma, sai Baffa ya kira daga can, don shi ya daina dawowa gida noma. Inna ta ce in ƙara murya kowa ya ji. Bayan gaisuwa mai tsawo, ya tambayi ruwa, ya tambayi dabbobi. Ya ce akwai magana. Teku yana cin gaɓa. Itatuwan kwakwar da ke tsakanin maƙabarta da ruwa duk sun faɗi. Liman da dattawan zango sun zauna, sun ce lalura ta halatta, duk wanda iyalinsa suka yarda za a ɗauke shi a mayar wani tudu can nesa da ruwa. Amma ba za su taɓa kabarin kowa ba sai da izinin mutanensa.

In don ƙa'ida ce, ni da ƙanin Baba mun isa mu ce a yi. Sai dai ƙanin Baba ya ce shi kam abin da Inna ta ce shi ne nasa. Kuma gaskiyarsa. Wa zai tone mijin mace ba da yardarta ba?

Inna ta ce, “A bar bawan Allah ya kwanta. Damina ce. Rani ya yi, ruwa zai koma inda ya fito.”

Na ce, “Inna, teku ba ya ƙafewa.”

“Wane ruwa ne ba ya ƙafewa?”

“Shi.”

“Ka taɓa ganinsa?”

“Na gani a salula.”

“A salula ai ni ma na ga mutum yana tashi sama.”

Sai ta karɓe salular daga hannuna ta kara a baki, kamar yadda take yi in tana so a ji ta har Kwatano. Ta ce, “Malam, tsakaninka da Allah, ruwan nan zuwa kawai yake, ko yana komawa?” Baffa mutum ne mai gaskiya, ya faɗi abin da idonsa ke gani. Ya ce, “Yana komawa mana. Kullum ma. Ya hauro, an jima ya ja baya.” Inna ta juyo ta dube ni, irin kallon nan na ka ji ko.

Nan fa na zuba ilimi. Na ce wannan dabam ne, wannan wata ne ke jawo shi. Ta ajiye salular a kan tabarma a hankali. Ta ce, “Wata. Wannan dai da muke dubawa mu ɗauki azumi? Shi ke jan ruwa? To roƙe shi ya riƙa ja mana na rijiya, hannuna ya huta.” Ƙannena suka yi ta dariya har da faɗuwa. Ni ma da ba ni aka yi wa ba, da na yi.

Kada ku ga laifinta. Duk ruwan da ta sani a duniya, baƙo ne. Tabki ya cika ya ƙafe. Ƙorama ta zo da hauka ta kwashe shinge, gobe ka tarar da yara suna wasa a cikinta. Mutumin Damargu bai san ruwan da ake gudu ba, ya san wanda ake jira ne. Sannan tone wanda ya riga ya kwanta ba ƙaramin abu ba ne a wurinta. Kabarin mahaifiyarta ma rairayi ya binne shi tun da daɗewa, yau ba wanda zai nuna maka daidai wurin, kuma bai taɓa hana ta barci ba. Takan ce ƙasa ba ta tona asirin kowa.

Ni kuwa na ga abin da ba ta gani ba. A cikin yawon karatuna na taɓa cin karo da hotunan wata maƙabarta, a wata ƙasa, bayan teku ya shige ta. Ban nuna mata ba, kuma ko yau ba zan nuna wa kowa ba. Amma in na ɗaga fartanya a gona sai hoton ya zo min. Baffa kuma duk kiran da zai yi, sai ya ce katangar maƙabartar ta ƙara tsagewa.

Ana cikin haka, a wani rukuni na masu son ilimin teku da nake ciki a salula, wani ya sa sanarwa. Wai masana teku na ƙasashen Afirka suna tsara abubuwan da za su sa a gaba a bincikensu na shekaru masu zuwa, don garuruwan gaɓa su ci gaba ba tare da sun cinye kansu ba. Kuma sun ware zama guda na matasa, ta intanet, kowa na iya shiga ya faɗi abin da yake gani ya fi muhimmanci. Na sa sunana tun kafin in gama karanta sanarwar.

Matsalar rezo ce, wato sabis ɗin salula. A garinmu wuri ɗaya ne yake kamawa da kyau, kan tudun rairayin da ke arewa da gari. Ranar taron na saka rigata ta Sallah, daga sama kawai, ƙasa wandon gona ne. Abokina ya rufe rumfarsa ya biyo ni da batir da laima. Ya ce, “In ka zama babban mutum ka tuna wanda ya riƙe maka inuwa.” Muka hau tudu muka zauna, shi yana korar awaki, ni na ƙura wa fasasshen gilashi ido.

Jama'a, ranar na sha daɗi. Mutane daga gabas, daga yamma, daga tsibirai, wasu da Faransanci, wasu da Turanci ana fassarawa. Wata ta ce kifi yana ƙarewa, a fara da ƙidaya abin da ya rage. Wani ya ce leda ce ta shaƙe musu bakin ruwa. Wani ya yi maganar itatuwan nan da ke tsiro cikin ruwan gishiri, masu tare igiyar ruwa, ana sare su ana girki. Wata kuma ta ce duk wannan banza ne in ba mu da namu kayan awo da namu masana, kullum sai mun jira wani ya zo daga waje ya faɗa mana halin da ruwanmu ke ciki. Abubuwan da nake karantawa ni kaɗai a ƙarƙashin rumfar caji, ga mutane masu rai suna musu a kansu. Na ji kamar na tarar da dangina.

Na shirya jawabi fa. Na haddace manyan kalmomi, har da waɗanda ban tabbatar da yadda ake furta su ba. Da aka zo kaina, mai jagorantar zaman ya duba ya ce, “Nijar? Ai ku ba ku da teku.” Ba da wulaƙanci ya faɗa ba, mamaki ne. A daidai nan wata akuya ta ƙwace wa abokina ta zo bayan kunnena ta yi kuka. Na ga fuskoki suna murmushi a cikin ƴan akwatunan nan na fuskar salula. Duk jawabin ya gudu, ko kalma ɗaya ba ta tsaya ba.

Sai na ji bakina yana cewa, “Ba mu da teku, amma mahaifina yana kwance a bakinsa.”

Na ba su labarin a gurguje, da Faransancina mai ɗingishi. Na ce mutanenmu da yawa suna can gaɓa, suna shayi, suna dako, suna gadi, wasu sun mutu a can. Na ce ni tambayata ɗaya ce. In kun auna yadda teku ke cin ƙasa, wa kuke faɗa wa, kuma da wane harshe? Na ce in da ni ake tambaya abin da za a sa a gaba, to a auna, sannan a faɗa wa mutane tun da sauran lokaci, da irin maganar da tsohuwa za ta ji ta yarda. Don ni ga shi na sani, amma na kasa sa mahaifiyata ta sani.

Mai jagora ya yi godiya, aka wuce ga na gaba. Ko maganata ta shiga cikin tsarin nasu, ko ba ta shiga ba, wallahi ban sani ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba. Abokina dai ya ce na yi ƙoƙari, amma akuyar ta fi ni fitar da murya.

Ba a daɗe ba sai ga saƙo daga wata mata da ke cikin taron. Mai binciken gaɓar teku ce, kuma ƴar ƙasar da Baba yake kwance ce. Ta tambayi sunan ƙauyen, na faɗa mata, ta ce ta san wurin, ta sha zuwa awo a yankin. Muka sa lokaci, na sake hawa tudu, ta kira ni ta bidiyo. Ta nuna min hotunan wurin da aka ɗauka daga sama, na shekaru dabam dabam. Ka ga farin layin bakin ruwa yana matsowa, yana matsowa. Ta yi min bayani a hankali, kamar tana koya wa ƙaninta. Ta ce igiyar ruwa kullum tana ɗaukar rairayi daga yamma tana kai shi gabas. In aka gina wani abu da ya tare rairayin a hanya, ko mutane suka yi ta ɗiba suna gini, to teku ba ya haƙura, sai ya ci na gabansa. Ga kuma shi kansa ruwan yana ƙaruwa sannu sannu.

Na ce, “Madam, maƙabartar za ta tsira?”

Ba ta yi min kwana-kwana ba. Ta ce, “A'a. Ba zan iya ce maka ga rana ba. Amma in nawa ne a ciki, ba zan jira wata damina ba.”

Na ce mata ni na yarda, Inna ce. Hoto daga sama ba zai ce mata komai ba, ita ba ta taɓa ganin duniya daga sama ba. Na ba ta labarin rani, da labarin wata da rijiya. Ta yi dariya sosai, ta ce ta so a ce ta san Inna. Can sai ta ce, “Tsaya. Wannan rairayin da nake gani a bayanka, ina ne?”

Na ce tudun garinmu ne, nan ne rezo yake.

“Tun asali yana nan?”

Na ce, “A'a. A da gonar kakana ce.”

Ta dube ni, na dube ta. Ta ce, “To ai ka fi ni abin nunawa.”

Kun ga sarkin ruwa. Wata da watanni ina zaune a kan amsar, ina neman ta a cikin salula.

Washegari da la'asar na ce wa Inna ta raka ni tudu. Ta ce me ta ajiye a can. Na ce so nake ta nuna min iyakar gonar kaka. Ta yi ƙorafin gwiwa, ta yi ƙorafin aiki, amma ta yafa zane ta biyo ni. Da muka hau, ita ta fara magana. Ta nuna da hannu ta ce daga can gonar ta fara. Ga inda rijiyar take, ƙarƙashin ƙafafunmu. Can akwai wani gawo, a inuwarsa aka fara nuna mata Baba, ya zo kawo wa mahaifinsa fura, ya yi tuntuɓe don kallonta. Ban taɓa jin wannan ba. Ta ce shekarar da aka kawo ta, ita da shi suka yi ta kafa shingen kara, suka dasa aguwa layi layi don su tare rairayin. Ya tsaya shekara kaɗan, sannan ya haye shingen ya wuce.

Na ce, “Inna, iska ba ta mayar da shi baya?”

Ta ce, “Takan kwashi na sama ta yi can da shi. Gobe ta dawo da shi.”

“Amma ya taɓa komawa ya ba mu gonar?”

Ta duƙa ta ɗebi rairayin a hannu, ta bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunta. Can ta ce, “Haka tekun yake?”

Na ce, “Haka. Wanda Baffa ke gani kullum, na saman ne. Amma gindin tafiya yake.”

Ta ce, “Shi rairayi in ya zo, rufewa yake.” Ta ɗago ta dube ni. “Shi ruwan fa?”

Ta karanta amsar a fuskata, ta faɗa da kanta, a hankali. “Tonewa yake.”

Ta kakkaɓe hannunta a zane. Ta ce, “Tunda ga rezon naka a nan, kira min Baffanka.”

Ranar kasuwar Tanut ta sayar da bunsurunta, ta yanko farin yadi, ragowar kuɗin ta ce na mota ne, ni zan je. Na ɗauka shiri ya ƙare. Sai da safe na ga ta ɗauki gatari ta nufi daji. Ta dawo da rassan aduwa, masu ƙayar nan dogaye, ta zauna tana datsa su tana cusawa a buhu. Na ce, “Inna, wannan fa?” Ashe ta tambayi Baffa da me suka rufe kabarin, ya ce da ganyen kwakwa da ƴan duwatsu. Abin ya tsaya mata a rai. A wurinmu in an rufe mutum, sai an ja ƙaya an lulluɓe kabarin, kada dabba ta taka, kada wani abu ya tona. Kabarin da ba ƙaya, a idonta, kamar ɗaki ne ba ƙofa.

Na ce, “Inna, can ma ai ba za a rasa ƙaya ba.”

Ta ce, “Ƙasar da itacenta ko reshe ba shi da shi? Ɗauki ka tafi.”

Haka na ratsa ƙasa da buhun ƙaya. Tun daga tashar Damagaram take huda buhu tana gaisawa da mutane. Wani direban kar, babbar motar fasinja, ya ɗaga buhun, ta soke shi, ya yarfe hannu ya ce, “Kai samari, kowa na kai kilishi kurmi, kai ƙaya ce tsarabarka?” Na faɗa masa ko ta mece ce. Ya hau saman motar da kansa ya ɗaure ta a gefe inda kaya ba za su danne ta ba, kuma da na miƙa kuɗin kaya ya ture hannuna.

Baffa ya tare ni, ya tsufa fiye da yadda na san shi. Ya ce kafin komai sai na gaisa da mutumin nawa. Muka bi ta tsakanin bukkokin masunta, ina jin wani ruri kamar hadari yana tasowa, alhali sama fes. Muka fito fili, sai ga teku. Na tsaya. Na nemi ɗaya gefen, na nema, babu. Baba bai yi ƙarya ba. Ina cikin wannan tsayuwa wata igiya ta taso ta nufo ni, na kwasa da gudu na bar takalmi ɗaya a baya. Baffa ya riƙe ciki yana dariya. Ya ce, “Ashe sarkin ruwan na tudu ne.” Takalmin dai har yau yana wurin talakawana, kifaye.

Maƙabartar kuwa, rabin katangar ya riga ya zube. In igiya mai ƙarfi ta zo, kumfarta har tana taɓa layin farko. Baba yana layi na kusa da shi.

Da hantsi liman ya zo da mutanen zango. Abin da ya gudana a wurin ba zan ba ku labarinsa ba, wannan tsakanina da mahaifina ne. Abin da zan ce kawai, an yi shi cikin natsuwa da addu'a, kuma farin yadin Inna ne ya rufe shi. Muka kai shi sabon wurin, can kan tudu bayan hanya, inda ko rurin ruwan da ƙyar ake ji. Da aka gama mayar da ƙasa, na kwance buhuna. Ƴan ƙasar da suka taya mu suna ta kallo, ba su gane ba. Amma wani tsoho ɗan wajen Belbeji, can yankinmu, mai gadi ne a can, da ya ga rassan sai ya matso. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya shinshina. Ya ce, “Aduwa ce.” Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ƙaninsa ne aka kwantar kusa da Baba, ko zan sam masa reshe biyu. Muka raba, muka lulluɓe su tare.

Na tura wa Madam saƙo cewa an yi. Ta amsa da cewa ta yi min ta'aziyya karo na biyu, kuma tun ranar da muka yi magana, in ta je ƙauyukan gaɓa takan fara da tambayar tsofaffi ina gonarsu ta da, kafin ta fito da hotunanta.

Da na dawo gida, Inna ba ta tambaye ni hanya ba, ba ta tambayi teku ba. Ta ce, “Ƙayar ta isa?”

Na ce, “Ta isa, har maƙwabcinsa ya samu.”

Ta ce, “Madalla.” Ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Na zo mata da ruwan tekun a gorar roba. Da ta fito ta zuba kaɗan a tafin hannu ta lasa, ta tofar. Ta miƙa wa akuya, akuya ta kau da kai. Ta ce, “Duk girman nan da kake faɗa, ko akuya ba ya shayarwa. To me amfaninsa?” Kun san ni, an taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Na ce ai ruwan saman da muke shuka da shi, mafarinsa can ne. Rana ke ɗaga shi, ta bar gishirin a ƙasa, iska ta turo shi har nan. Ta ce ƙarya nake, kowa ya san hadari daga gabas yake taso mana. Na ce hadarin kam daga gabas, amma ta tuna iskar nan ta bazara, mai zuwa daga kudu maso yamma, wadda in ta fara sai gishiri ya yi laushi a ƙwarya, igiyar guga ta daina karcewa. Na ce ita ce mai ɗauko laimar. Ta dube ni ta ce, “Kai dai ba ka gajiya.” Amma gorar ba ta zubar ba. Tana nan a bayan kwallayenta har yau.

Damina biyu bayan haka Baffa ya kira ya ce inda tsohuwar maƙabartar take, yanzu jiragen masunta ke wucewa. Inna tana tankaɗe lokacin. Ta ce alhamdu lillahi, ta ci gaba da tankaɗenta.

In na tuna wannan abu yanzu, ba jawabina a taro nake tunawa ba, don ba wani jawabi na yi ba. Hawan tudun nan da Inna nake tunawa. Na yi ta ɗauko mata ilimi daga nesa ina tula mata, ashe abin da za ta gane da shi yana cikin rayuwarta, ita ta ma fi ni saninsa, tunda da hannunta ta kafa wa rairayin shinge. Shi ya sa duk abin da nake rubuta muku a nan kan teku, sai na fara tambayar kaina ko Inna za ta ji ta yarda. In ba za ta yarda ba, to ban gama fahimta ba ke nan. Har yau ina bin zaman masanan nan in sun buɗe ƙofa, har yau kuma in an ce Nijar ba ta da teku, nakan ce a ƙirga mutanenmu da ke bakinsa, masu rai da waɗanda suka kwanta.

Maganar wata kam har gobe ba ta yarda ba, na haƙura. Amma duk bazara, ranar da iskar nan ta fara kaɗawa, za ka ga ta bar abin da take yi ta fita bayan gida. Ta tsaya ta fuskanci kudu maso yamma, zanenta yana kaɗawa, ta ɗan jima. Sannan ta shigo ta ce mana, “Iskar wajen mahaifinku ta iso. Ku fiddo iri.”